Ɗan Rakiyar Malam Buhari

Har gobe ban manta da ranar da na ga Malam Buhari ya ja da baya daga gaban sahu ba. Sallar azahar ce, a yadin wani kamfanin gina hanya da ke kan titin Kalambaina. An tayar da iƙama, mutane sun daidaita kafaɗu, sai shi Malam, wanda shi ne limaminmu, ya kama hannun wani makanike ya tura shi gaba, shi kuma ya zagaya ya tsaya a ƙarshen sahun baya. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, rabin sallar nan tunanin dalili nake yi. Ƙannena da 'ya'yana na aikin jinya sun sha roƙona in rubuta musu wani abu daga abin da na gani, to ga wanda na zaɓa.

A tsakiyar shekarun 1970 ne, soja na mulki, kuɗin mai sun shigo ƙasa, ko'ina ka duba a Sakkwato ana haƙa ko ana zuba kankare. 'Yan shekaru ke nan da dawowata gida. Ina yaro mahaifina ya ɗauke ni muka nufi aikin hajji ta ƙasa, muka yi zango a Sudan, zangon da ya zama shekaru. A can na koyi aikin jinya da Larabci. Na yi aiki a Jidda wurin alhazai, na yi a Yamai inda na tsinci Faransanci, sannan na shiga soja lokacin yaƙin basasa ina ɗaure raunuka. Da na gaji da yawo na dawo, kamfanin nan na wasu Turawa ya ɗauke ni in riƙe musu ɗakin shan magani.

Ɗaki biyu ne da baranda. Ni ne babban nas, wato wanda ke wurin kullum, ƙarƙashina akwai mai ba da magani da odali mai wanke ciwo. Likita ba ya zama, yakan zo Talata da Alhamis. Wani Bamisire ne, Dakta Fu'ad, mutum mai yawan shan shayi da yawan tambaya, shi ya sa muka shaƙu. Marasa lafiyarmu direbobin tifa ne da makanikai da masu fasa dutse, da manoman ƙauyukan kewaye da kan zo leburanci da rani su koma gona da damina.

Dokar kamfani ce kowane ma'aikaci na dindindin a duba lafiyarsa sau ɗaya a shekara. A auna nauyi da jini, a saurari ƙirji saboda ƙurar dutse, a gwada idon direbobi, a karɓi fitsari a kwalba don neman suga da tsargiya. Sannan in yi wa mutum 'yan tambayoyi, ciki har da ko yana samun wahala wurin fitsari. Ban taɓa jin wanda ya ce e ba. Tsoho da yaro amsa ɗaya ce, lahiya lau.

Yawo ya bar mini wani hali. Duk ƙasar da na sauka nakan so in gano wa maza ke gaya wa ciwonsu, musamman ciwon da ke tsakanin cibiya da gwiwa. A Sudan na ga mutum ba ya gaya wa matarsa, amma zai gaya wa abokin shan gahawarsa. A Yamai waɗanda suka yi makarantar Faransa sukan faɗa wa likita kai tsaye, har da kwatance. Soja ba shi da wannan kunya, zai kwance wando a gaban layi. Dangin mahaifiyata kuwa Fulani ne, su ko kibiya ce a jikinsu sai ka gani da idonka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne garin da aka haife ni ne ban san amsarsa ba. Na san ba zai yiwu a ce yadi guda na maza ba mai wahalar fitsari ba. To ina suke kai ta?

Tagar ɗakina tana kallon wurin alwala: famfo ɗaya, jerin butoci, da bayan gida na kwano. Bayan abin da na gani a sallar nan sai na fara lura. Malam Buhari shi ne mai kula da sito, a hannunsa ake karɓar kayan gyara da man dizal. Mutumin Ƙofar Marke ne, ya ɗan haura hamsin, mai karatu, kuma shi ke jan sallah tun kafa yadin. Na ga yakan riga kowa shiga bayan gida, ya kuma zama na ƙarshen fitowa. Wani lokaci ya fito, ya fara alwala, ya ajiye buta ya koma. Na ga kuma yana da wani wando da yake ratayewa bayan ƙofar sito, wanda ba ya sa shi sai zai yi sallah. Limancin kuwa bai sake karɓa ba. Ma'aikata suka yi ta fassara. Wasu suka ce tawali'u ne, wasu suka ce ya yi fushi da helma, wato shugaban ma'aikatan yadin, wasu suka ce waswasi ya kama shi saboda yawan karatu.

Na fara gwada hanyar asibiti. Da ya zo karɓar maganin mura na tambaye shi ko fitsari na ba shi wahala. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan matarsa, ya ce lahiya lau, ya ɗauki maganinsa ya fita.

Bayan 'yan kwanaki na sake dabara. Na same shi a sito lokacin hutun rana, na zauna kan wani buhun siminti, na ce na zo da tambayar ilimi. Mutum ne ya yi fitsari, ya jira, ya yi tsarki, ya yi alwala, yana miƙewa sai ya ji ɗigo. Mene ne hukuncinsa? Nan take fuskar Malam ta sake. Ya gyara zama, ya jawo mini bayani tiryan-tiryan: yadda ake kakkaɓewa a jira kafin tsarki, bambancin wanda abin ke zo masa jefi-jefi da wanda ya zame masa yoyo, yaushe alwala ke warwarewa, yaushe ake yi wa mutum rangwame. Ya ƙare da cewa mai irin wannan lalura sallarsa ta yi, amma an ƙi ya ja masu lafiya sallah. Sai ya ƙara da wata magana wadda ita ce ta buɗe mini ido. Ya ce wannan tambaya ba makon da ba a kawo masa ita a yadin nan, direbobi ma sun fi yawa.

Ashe nan ake kai ta. Abin da ni nake kira alamar ciwo, su a wurinsu matsalar tsarki ce. Mutum ba ya ganin kansa mara lafiya, yana ganin kansa mai shakkar alwala, don haka malam zai nema, ba nas ba. In malam ya ce sallarka ta yi, shi ke nan an warke. Na yi shekaru ina tambaya da harshen asibiti, su kuma suna amsawa a wani ɗakin daban.

Na ce, "To Malam, su suna tambayarka. Kai wa kake tambaya?"

Ya juya makullan sito a hannu. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai dai Ɗan Sudan ba ka da dama." Haka suke kirana a yadin.

A ranar ya ba ni labari. Ya ce abin ya kusa shekara. Fitsarin ba ya fita da ƙarfi, ba ya ƙarewa, barci ma ba ya samu don yawan tashi. Amma ba wannan ke damunsa ba. Mahaifinsu da haka ya fara, daga baya fitsarin ya toshe, ciwon baya ya kama shi, ƙasusuwa suka riƙa yi masa zogi har ya kasa tashi, a haka ya rasu. Ƙanen mahaifin ma haka. A gidansu ana ce masa ciwon tsufa, ana jiƙa saiwoyi, ana haƙuri. Ya ce ya san layin da yake kai, ba ya son kowa ya tabbatar masa.

Ranar Talata na kwashe duka na gaya wa Dakta Fu'ad, da izinin Malam. Maganar tsarkin ta ba shi sha'awa ƙwarai, ya ce a ƙauyukan Masar ma limamai sun fi likitoci sanin masu tsargiya. Amma da na zo kan uba da ƙanen uba sai ya ajiye kofin shayinsa. Bari in yi bayani don wanda ba ma'aikacin asibiti ba. Kowane namiji yana da wani ƙullutun nama ƙarƙashin mafitsara, girmansa kamar goro, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarsa. Likitoci na ce masa furostet. In shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanya, wannan ba daji ba ne, wahala ce kawai. Amma ciwon daji ma yakan tsiro a cikinsa, kuma yana bin jini, in ya kama uba ana jin tsoron 'ya'ya. A wancan zamani ba gwajin jinin da ke nuna shi, ba na'urar hoto. Hanya ɗaya ce: likita ya sa safar hannu, ya shafa mai, ya sa yatsa ta dubura ya taɓa naman. Mai laushi da santsi alamar kumburi ne, mai tauri kamar tsakuwa shi ne abin tsoro. Ba ya ɗaukar lokacin da za a sha kofin ruwa.

Na kai wa Malam wannan bayani a sito. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya shiga nazarinsa ta hanyar da ya saba. Ya tambaya ko yana wajabta wanka, ko yana karya azumi, ko likitan Musulmi ne. Ya yi ta auna maganar shi kaɗai, har ya kai ga cewa lalura ta halatta, neman magani kuma abin so ne, duk wanda ya tambaye shi zai ce masa ya je. Na ce to alhamdu lillahi, Alhamis ke nan. Ya ce a'a, hukuncin ya faɗa mini, shi dai ba zai yi ba. Mutumin da ya ja yadi guda sallah ba zai kwanta ya naɗe gwiwa a yi masa haka ba. Na koma sau da yawa, amsar ba ta canza ba.

A nan Attahiru ya shigo maganar. Ƙanen Malam ne uwa ɗaya uba ɗaya, direban tifa, shekarunsa arba'in da 'yan kai. Ban taɓa ganin 'yan'uwa da suka bambanta haka ba. Malam siriri ne mai auna magana, Attahiru ƙato ne mai dariya tun daga ƙofar yadi. Yakan cinye kwanon tuwo biyu a tsaye, bai taɓa zuwa wurina ba sai don duba shekara, nan ma tsokanata yake zuwa yi, wai na je har Sudan na koyo ba da farar ƙwaya. Wata safiya ya leƙo ta tagata, babu dariyar. Ya ce matar Yaya ta gaya wa tasa matar halin da ake ciki, shi kuma ya matsa wa Yaya har ya faɗa masa abin da likita ke so. Ya ce ya ga yadda babansu ya ƙare, shi ya riƙa juya shi a shimfiɗa, ba zai sake gani ba.

Na ce na yi iya yina. Ya ce ai ban san gidansu ba. A gidansu babba ba ya tsoron abin da ƙaramin ya yi a gabansa. Tun suna yara, in za a sha maɗaci ko za a tsallaka gulbi, in shi ya riga, Yaya ko yana kuka sai ya bi, don kada a ce ƙane ya fi shi zuciya. Saboda haka zai rako shi, ya fara kwanciya a duba shi, a ga ko Yaya zai iya zama a kan benci.

Da na gaya wa likita ya yi dariya ya ce dabara ce mai kyau. Ya ce littattafan da ya karanta, waɗanda yawanci a Turai aka rubuta su, suna ɗaukar wannan ciwo na tsofaffi ne, ba a neman shi a jikin ɗan arba'in mai lafiya. Amma ya ce in gaya wa direban, shi ba ya duban wasa. Duk wanda ya hau gadonsa dubawa zai yi ta gaske.

Ranar Alhamis da hantsi suka zo, kowa da babbar riga kamar masu zuwa ɗaurin aure. Yadda Attahiru ya shawo kan wansa har ya taka ƙofar ban sani ba, ina jin ce masa ya yi ya zo ya ji bayani daga bakin likita kawai. Na sallami odali, na rufe ƙofa. Malam ya zauna a kan benci yana jan carbi. Likita bai gama gaisuwa ba Attahiru ya miƙe ya tuɓe riga, ya ce, "Yaya, riƙa min. Ni zan hwara, in ji ko ana mutuwa."

Malam ya ce masa ya zauna, ba a wasa da irin wannan. Attahiru ya riga ya shige bayan labule. Na kwantar da shi ta gefen hagu, na ce ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji. Bai daina surutu ba, yana cewa in na ba da labarinsa a tasha sai ya bi ta kaina da tifa. Likita ya sa safa ya fara. Na san tsawon lokacin da yake ɗauka, na ga ya wuce shi. Ya ɗan juya hannu, ya sake taɓawa, ya dube ni. Da ni da shi Larabci muke yi kullum, amma ya tuna Malam da ke zaune a ɗaya gefen labule ya san Larabci, sai ya faɗa mini da Turanci a hankali cewa akwai tauri a ɓangare ɗaya, kamar tsakuwa.

Attahiru ya fito yana ɗaure wando yana dariya, ya ce wa wansa ko allura ta fi wannan zafi. Malam ya dube shi, ya dubi labulen, ya ninke rigar ƙanensa ya ajiye, ya tuɓe tasa ya ɗora a kai. Sannan ya shiga. Nasa bai ɗauki lokaci ba. Naman ya kumbura sosai, amma laushi ne da santsi ko'ina. Likita ya ce masa ba irin na mahaifinsa yake ji a hannunsa ba, kumburi ne da ƙwayar cuta a fitsari, za a ba shi magani, in ya ƙi sauƙi akwai aikin da ake yi a buɗe hanya, kuma a riƙa dubawa duk shekara. Malam ya rufe fuska da tafin hannu yana hamdala. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Ƙa'idar aiki ita ce a gaya wa mai ciwo shi kaɗai. Muka ce Malam ya jira a baranda. Likita ya yi bayani, ina fassarawa: ya taɓa wani abu da bai gamsu da shi ba, ba zai rantse daji ne ba, wani lokaci tsohon ciwo kan bar tauri, amma da tarihin gidansu ba zai yi shiru ba. Yana so a je asibitin koyarwa a Zariya a ɗebi ɗan nama a duba. Attahiru ya saurara da murmushi, yana jiran inda wasan zai ƙare. Da ya ga bai ƙare ba, ya buɗe ƙofa ya kira wansa da kansa.

"Yaya, zo ka ji. Wai ni ad da ciwo. Ni da nir rako ka." Ya juyo gare ni. "Ɗan Sudan, hwaɗa mai. Ni in na tsugunna har rami nika ginawa. Ba inda ka yi min ciwo."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce tambayar da ni ma na yi wa likita bayan sun tafi. Ya zana mini a bayan takarda. Kumburin tsufa a tsakiya yake farawa, kusa da hanyar fitsari, shi ya sa yake damun mutum da wuri. Daji kuwa yawanci daga gefen waje yake tsirowa, nesa da hanya, sai ya yi shekaru yana girma mutum na fitsarinsa lafiya. Ranar da ya fara ciwo, sau da yawa ya riga ya kai ƙashi. Wato mai ƙorafin yana iya zama shi ne mai sauƙin, wanda ba ya jin komai shi ne ke ɗauke da abin.

Attahiru ya ce ba inda za shi. Lokacin aiki ya yi zafi, ana jigilar dutse ba hutu, yana da 'ya'ya ƙanana, kuma wane mahaukaci ne zai kai kansa a yanka yana cin tuwonsa lafiya? Na bi shi har gindin motarsa, na yi masa bayani da Hausa, na kawo misalan da na gani a Jidda da Yamai. Ya ce ni da Bamisirena mu nemi wani. Dariyarsa ta dawo, amma ya daina biyowa ta gaban tagata.

Abin da ya faru bayan haka ba ni na shirya shi ba. Kowace safiya direbobi kan yi layi a bakin sito, Malam ya ba da izini a zuba wa kowace mota dizal. Ranar Litinin aka zuba wa kowa, da aka zo kan motar Attahiru Malam ya ce a wuce. Attahiru ya ɗauka mantuwa ce. Talata ma haka. Ya shiga sito yana huci, ni kuma helma ya aiko a kira ni don ya ji ana ambaton asibiti. Na tarar Malam na zaune, bai ɗaga murya ba. Attahiru na cewa wannan zalunci ne, man kamfani ne ba na gidansu ba, zai kai ƙara wurin Bature.

Malam ya ce ya kai. Ya ce in Bature ya tambaye shi dalili zai ce masa ya kore shi daga aiki, amma da hannunsa ba zai zuba man da zai ɗauke ƙanensa daga hanyar Zariya ba. Sannan ya ce, "Kai kas sa nik kwanta gaban baƙo, ina da hurhura. Na kwanta. Ka ce ba ka son ka sake juya wani bisa shimhiɗa. To ni aka so in juya ka?"

Attahiru ya tsaya da makullin mota a hannu. Can ya ajiye makullin a kan teburin wansa, ya ce shi dai ba zai shiga motar haya ba, direbobinsu ba su iya tuƙi ba.

Sauran aikin ofis ne. Likita ya rubuta takardar turawa, na kai wa manaja, na ce lalura ce da ba a faɗa, aka ba su hutu su biyu da kujera a motar kamfani mai zuwa Kaduna. Sakamakon naman ya ɗauki makonni, ya dawo daji ne, amma bai fita daga wurinsa ba. Aka yi masa aiki. Ba zan ɓoye muku ba, ya biya farashi. Ya dawo a rame, ya daɗe bai iya riƙe fitsari sosai ba, bai kuma sake haihuwa ba. Akwai lokacin da ya daina yi mini magana, yana ganin da lafiyarsa muka taɓa shi. Ban yi masa gardama ba, don ni ma ba ni da hanyar nuna masa abin da zai faru da an bari. Daga baya ya koma tuƙi, tsokana ta dawo. Ya aurar da 'ya'yansa, ya goya jikoki, ya tsufa har haƙora suka zube, kuma ba wannan ciwon ne ajalinsa ba. Malam Buhari ya sha magani, daga baya aka yi masa ƙaramin aiki, ya samu sauƙi. Muka yi yarjejeniya da shi: duk wanda ya kawo masa tambayar ɗigo, ya ba shi hukuncinsa cikakke, sannan ya ce masa ya biya ta wurin Ɗan Sudan. Ta haka na ga mazan da shekara da shekaru suke ce mini lahiya lau. Yawancinsu tsargiya ce ko ciwon sanyi ko kumburi, abubuwan da ke da magani.

Dakta Fu'ad ya ce wannan ya sa shi shakkar littafinsa. Ya ce watakila a jikin baƙar fata ciwon kan zo da wuri fiye da yadda aka rubuta, sai dai ba wanda ya tsaya ya duba. Daga baya na ji likitoci da dama suna faɗin haka. Yau kuna da abin da ba mu da shi, gwajin jini da ake ɗiba a hannu, wanda ba ya buƙatar kowa ya naɗe gwiwa da farko. Shi ma ba ya rantsuwa, yakan tsorata mai lafiya, wani lokaci ya tsallake mai ciwo, dole likita ya haɗa shi da sauran bayani. Amma bai da amfani in ba a kawo hannun ba, kuma ɗan arba'in mai ƙarfi ba zai kawo ba, tunda ba abin da ke damunsa. Ra'ayina, namiji in ya kai arba'in ya kamata a zauna da shi a yi maganar nan, in kuwa ta taɓa uba ko wa ko baffa, kada a jira ya ji komai.

Abin da na koya game da aikinmu shi ne an horar da mu mu jira mai ƙorafi, mu kuma yi tambaya da kalmominmu. Mutanenmu ba ƙin magani suke yi ba, suna da inda suke kai damuwarsu da sunan da suke kiranta, sai ka nemi wurin ka je da ladabi. Game da su kuma na koyi cewa namijin da ba zai yi abu don kansa ba zai yi don ɗan'uwansa, ko da yana gunaguni. Tun daga lokacin, in magidanci ya rako mahaifinsa ko wansa wurina da wahalar fitsari, ba na barinsa a baranda yana riƙe da takalma. In na gama da mai ciwon sai in leƙa in ce shi ma ya shigo. Yakan ce ai shi rakiya ya yi. Sai in ce na sani, shigo ka zauna.